Babi na Shida: Shiga Makarantar Sakandare

Wannan babi na wanda ya samu shiga sakandare ne, yaro ne ko babban da ya koma karatu bayan shekaru. Idan ɗanka ne ko 'yarka ta shiga, ku zauna ku karanta tare. A tanadi biro da rula da ƙaramin littafin rubutu mai shiga aljihu. Kada a wuce darasi sai an yi aikin da ke ƙarƙashinsa.

Darasi na 1: Karanta jadawali

A ajin da ka baro, malami ɗaya ne yake koyar da kusan komai, ya san sunanka, ya san inda kake tuntuɓe. A sakandare kowane darasi da malaminsa. Wannan ya fita, wancan ya shigo, kowa da nasa aikin. Takardar da ke nuna wanda zai shigo da lokacin shigowarsa ita ce jadawali.

Dubi jadawalin ajinku. Gida-gida aka zana shi. A gefen hagu, daga sama zuwa ƙasa, sunayen ranaku ne: Litinin, Talata, Laraba, har zuwa ƙarshen mako. A layin sama, daga hagu zuwa dama, lokuta ne. Ɗora yatsa a kan Talata. Ja shi zuwa dama a hankali, kada ya hau sama, kada ya sauka ƙasa. Duk gidan da yatsanka ya taɓa, darasin Talata ne. Idan layi yana ɓace maka, shimfiɗa rula a ƙarƙashinsa, ba abin kunya ba ne. Wasu makarantu suna sa ranaku a sama, lokuta a gefe, don haka fara neman inda ranaku suke.

Aiki: kwafi jadawalin a shafin farko na ƙaramin littafinka. Kowane dare ka duba na washegari, ka sa littattafansa a jaka kafin ka kwanta.

Darasi na 2: Rubuta aikin gida da ranar kawo shi

Ku natsu a nan. Na ga ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa sun rasa maki a kan wannan mataki, alhali sun iya aikin.

Idan malami ya ba da aikin gida, ciro ƙaramin littafinka nan take, kana zaune, kafin ya fita. Abu uku za ka rubuta a layi ɗaya. Na farko sunan darasi. Na biyu aikin, da lambar shafi da lambar tambaya. Na uku ranar da za a kawo shi. Ga misali:

Lissafi. Shafi na 42, tambaya ta 1 zuwa ta 10. Laraba, 14 ga Oktoba.

Na farko da na biyu kowa yana yinsu. Na ukun ne matsalar. Malami zai ce, "Ku kawo jibi." Sai ɗalibi ya rubuta jibi. Bayan kwana biyu ya buɗe littafi, ya ga jibi, ya ce ashe da saura, alhali ranar ce ake karɓa. Kada ka rubuta gobe. Kada ka rubuta jibi. Ƙirga da yatsa ka rubuta sunan ranar da kwanan watanta. Idan yau Litinin 12 ga Oktoba, gobe Talata 13, jibi Laraba 14. To, Laraba 14 ga Oktoba za ka rubuta.

Wasu kuma ranar da aka ba da aikin suke rubutawa. Ita ma ba ita muke nema ba. Ranar kawowa muke so, ranar da aikin zai bar hannunka ya koma hannun malami. Zana mata da'ira, don ido ya fara sauka a kanta.

Sunan wata kuma a rubuta shi da harufa. Idan ka sa 3/4, mai karantawa a Ingila zai ce 3 ga Afrilu ne, na Amurka zai ce 4 ga Maris, domin su wata suke fara rubutawa. Kai kanka bayan mako biyu kana iya rikicewa. Rubuta 3 ga Afrilu ka huta.

Idan ba ka ji ranar ba, ɗaga hannu ka ce, "Malam, wace rana za mu kawo?" Na tabbata akwai wasu a ajin da ba su ji ba, suna jiran wani ya tambaya.

Mu gwada. Yau Litinin ce, 12 ga Oktoba. Malamin tarihi ya ce a kawo aiki gata. Me za ka rubuta? Ƙirga: gobe Talata, jibi Laraba, gata Alhamis. Alhamis, 15 ga Oktoba. Ka samu? Madalla. Idan ba ka samu ba, sake ƙirgawa da yatsa, ba gaggawa.

Wani kuma. Malamar kimiyya ta ce, "Rana ita yau." Kwana bakwai ke nan. 12 a tara da 7, 19. Litinin, 19 ga Oktoba. Ka zana da'irar? Koma ka zana.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, ai zan tuna." Ba za ka tuna ba. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada wannan a kansa, ya wallafa sakamakon a 1885. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan an koyi abu, daga baya ne take lafawa. Kai kuma bayan wannan malamin wasu huɗu ko biyar za su shigo kafin a tashi. Wace ranar za ta zauna a kanka?

Kuma na gaji da ganin aikin gida a tafin hannu, ko a bayan littafin wani darasi, ko a yagaggiyar takarda da ke kwana a aljihun riga har a wanke ta. Littafin nan saboda haka aka ce ka saya. Wanda ya zo yana cewa bai san yau ake karɓa ba, kada ya nemi a tausaya masa. An faɗa, ya ji, rubutawa ce bai yi ba. Darasi, aiki, ranar kawowa. Kana zaune, kafin malami ya fita.

Aiki: yau Alhamis, 15 ga Oktoba. Rubuta cikakkiyar rana da kwanan wata na gobe, na jibi, da na rana ita yau. Zana wa kowanne da'ira.

Darasi na 3: Bita

Abin da aka koyar yau, a yau za ka duba shi, ko da minti 15 ne. Karanta shafin sau ɗaya, rufe littafin, faɗi abin da ka tuna da bakinka ko ka rubuta shi a takarda. Sannan ka buɗe ka ga abin da ya kuɓuce maka. Maimaita karatu ido a kan shafi yana sa mutum ya ɗauka ya iya, sai an rufe littafi gaskiya take fitowa. Sake yin haka bayan kwana biyu, sannan bayan mako guda.

Kafin ka fara, buɗe ƙaramin littafin. Aikin da ranarsa ta fi kusa shi ne farko.

Darasi na 4: Shirin jarrabawa

Da zarar an sanar da ranar jarrabawa, rubuta ta kamar yadda muka koya. Ƙirga makonnin da suka rage, ka raba babobin littafi a kansu, ka bar makon ƙarshe don bita kawai. Kada ka kwana karatu a daren jarrabawa. Likitoci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10.

Darasi na 5: Zaɓen darussa

Nan gaba za a ce ka zaɓi fanni. Tun yanzu ka tambayi darussan da aikin da kake sha'awa yake buƙata. Mai son likitanci ba ya barin bayoloji da kemistiri, mai son injiniyanci ba ya barin lissafi da fizis. Kada ka zaɓa don abokinka ya zaɓa. Tambayi malamin ajinku.

Darasi na 6: Sakamako

Adana takardar sakamakon kowane zango a wuri ɗaya. Darasin da makinsa ya fi ƙasa, ƙara masa lokacin bita.

Aiki: kawo ƙaramin littafinka zama na gaba, zan duba ranakun.