Yadda mai ciki da mai shayarwa za su bi da maganin jan ido

Idan hunturu ya kama a Yamai, ƙura takan sa idanu su yi jawur, sai mace ta aika a sayo mata maganin ɗigawa mai mayar da ido fari cikin ƴan mintoci. Kafin mai ciki ko mai goyo ta ɗiga shi, ya kamata ta sa mai farmasi ya karanta mata sunan sinadarin da ke jikin kwalin. Idan naphazoline ne, ko tetryzoline, ko phenylephrine, to maganin ba ya warkar da komai, ƙananan jijiyoyin jini na farin ido kawai yake tsukewa, kuma wadda ta saba da shi takan ga jan ya dawo fiye da na farko da zarar ta daina.

Abin da ke shiga jini daga ɗigo ɗaya kaɗan ne, wanda ke kaiwa ga nono ya fi shi ƙanƙanta, amma ba a gwada waɗannan magunguna sosai a kan masu ciki ba. Saboda haka ta fara da mafi sauƙi: ta ajiye kwalli, ta ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a kan fatar ido, ta wanke idon da ruwan gishirin asibiti da ake sayarwa cikin ƙananan robobi a farmasi.

Idan likita ko ungozomar awon ciki ta yarda a ɗiga, ta wanke hannu, ta sa ɗigo ɗaya tak, ta rufe ido, sannan ta danne kusurwar idon ta wajen hanci da yatsa har minti biyu. Nan ne ƙaramar hanyar da hawaye ke bi ya gangara hanci, kuma ta nan magani ya fi shiga jini. Mai shayarwa ta ɗiga bayan yaro ya gama tsotso. Kada a wuce kwana uku, kuma mai hawan jini kada ta taɓa shi sai da izinin likita.

Kwalbar kanta abin ɓoyewa ce, domin a 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa mililita ɗaya zuwa biyu na maganin ɗigawa mai naphazoline ko tetryzoline, idan ƙaramin yaro ya haɗiye, na iya sa shi suma. Na masu talla a bakin titi kuwa ban ga dalilin sayensa ba, tunda wani yana ɗauke da dexamethasone mai ƙara matsin cikin ido.

Jan da ya zo da zafi, ko kwantsa mai yawa, ko dishi-dishin gani, na asibiti ne tun ranar. Idan kuma dishi-dishin ya haɗu da ciwon kai da kumburin fuska a ƙarshen ciki, a tafi a auna hawan jini nan take.