Yadda za ki gasa tukunya ta fito baƙa ƙirin irin ta Etiruskawa

Wajen shekara ta 675 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), maginan Cerbeteri, birnin Etiruskawa (wata tsohuwar al'umma ta Italiya) da ke arewa maso yammacin Roma, suka fara wasu baƙaƙen tukwane masu sheƙi da ake kira bukkero. An same su a kaburburan da suka sassaƙa cikin dutse, masu ɗakuna da gadaje tamkar gidan zama. Wani kabari da aka buɗe a 1836 ya fito da su tare da kayan zinariya, yau suna gidan tarihi na Batikan. Babu fenti a jikinsu ko ɗigo. Aikin wuta ne, kuma da yumɓun bakin Binuwai nake yin irinsa a nan Garwa.

Ki jiƙa yumɓu, ki tace shi har tsakuwa ta ƙare. Ki gina da siriri, don tukwanen Etiruskawa na farko ƙoƙon ƙarfe suke kwaikwayo.

Guga ce rabin aikin, 'yar'uwa, kuma nan mata ke gaggawa. Ki bari tukunyar ta sha iska, ta yi tauri amma da sauran sanyi in kin kai ta kumatu. Sai ki ɗauki dutse mai santsi ki bi ta layi-layi har ki ga haske na gudu a jikinta. In ta bushe sarai, dutsen karce ta zai yi. Sheƙin da ba ki sa da hannu ba, wuta ba za ta ƙara miki shi ba.

Ki shanya a inuwa, ki gasa yadda kika saba. Da tukwanen sun yi jajir, ki lulluɓe su da ƙaiƙayi ko busasshen kashin shanu, ki bi da ƙasa, ki toshe duk inda hayaƙi ke fita. Ƙarfen da ke cikin yumɓu shi ke sa shi ja in ya sami iska. In aka hana shi iska, sai ya koma baƙi. Kada ki tone sai ramin ya huce, in ba haka ba jan zai dawo dabbare-dabbare. Roba ko tsohuwar taya kuwa, don Allah kada su kusanci abin da za a zuba abinci.

Ki riƙa sa ɗan kasko na gwaji, ki fasa shi ki duba. Na Etiruskawa baƙi ne har ciki, don a rufaffen murhu suke gasawa. In tsakiyar naki ja ce, ki ƙara kaurin ƙasar rufi a gashi na gaba.