Yadda Za Ka Gane Inda Lasisin Farko Ya Ba Ka Damar Magana a Rediyon Sha'awa

Kuskuren da na fi gani wurin sababbi shi ne su ɗauka duk lambar tashar da rediyo ya karɓa halak ne su yi magana a kanta. Ƙananan rediyon hannun nan masu araha, da yawansu suna watsawa tun daga megahaz 136 har 174, alhali rabon 'yan sha'awa, wato masu lasisin hira da juna ta rediyo ba don kasuwanci ba, a wurin ɗan yanki ne. Cikin wannan fili akwai 156.800, tashar neman agaji ta jiragen ruwa. Saurare babu laifi a ƙasashe da dama, amma kada yatsanka ya kusanci maɓallin magana.

Da farko nemo jadawalin hukumar da ta ba ka lasisi, ka buga shi a takarda ka manna kusa da rediyon. Na ƙasarka, ba na wata ba. Ƙungiyar ITU, mai kula da harkokin sadarwa ta duniya, ta kasa duniya shiyya uku, kuma iyakokin sun bambanta: zangon (wato yankin lambobin) da ake kira mita 2 a Turai da Afirka megahaz 144 zuwa 146 ne, a Amurka kuwa ya kai 148. Wanda ya kwafi lambobi daga bidiyon wani Ba'amurke ya zuba a rediyonsa, sai ya tsinci kansa a gonar da ba tasa ba. Idan sunan zango ya rikita ka, raba 300 da megahaz ɗin, abin da ya fito shi ne kusan adadin mitan da ke sunan zangon.

Sannan karanta jadawalin da tambaya uku: ina, da wace irin watsawa, da ƙarfin wat nawa. Ɗauki lasisin Technician, lasisin farko na Amurka. Daga megahaz 50 zuwa sama an buɗe masa duk zangunan 'yan sha'awa. A gajeren zango kuwa an ɗaure shi: mita 80, 40 da 15 Mos kaɗai (wato saƙon gajeru da dogayen ƙara maimakon murya), a ɗan yanki, kuma kada ya wuce wat 200. Murya sai a mita 10, tsakanin megahaz 28.300 da 28.500. Ko a mita 2 ɗin ma, 144.0 zuwa 144.1 na masu Mos ne.

Ga inda ni na faɗi. Lambar da ke kan allon rediyo ba ita ce dukkan siginarka ba, muryarka tana da faɗi. A USB, ɗaya daga cikin salon watsa murya, tana bazuwa kusan kilohaz 3 sama da lambar da kake gani. Wata rana na ji wata tasha mai nisa tana kira daidai bakin iyakata, zumuɗi ya kwashe ni, na amsa. Allo yana nuna ina ciki, muryata kuwa duk tana waje. Wani dattijo ne ya kira ni daga baya, cikin laushin murya ya ce, "Ɗana, ja baya kaɗan." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Saboda haka idan iyakarka 28.500 ce, kada ka haura 28.497. Ni a 28.495 nake tsayawa, kuma haka nake sa duk wanda na koya wa, domin ba kowane allo ke faɗin gaskiya ba. A LSB, kishiyar USB, abin juyawa yake, ƙasa take bazuwa. FM ta fi su cin wuri, wajen kilohaz 15, rabi sama rabi ƙasa.

Rifita, wato tashar da ke karɓar siginarka ta sake watsa ta nesa, ita ma da tarkonta: kana saurare a lamba ɗaya, kana watsawa a wata, tazarar kilohaz 600 a mita 2. Duba wadda kake watsawa a kai, ita doka ke kallo.

Batun wat, sauke shi ƙasa kawai, batir ma zai daɗe. A Ingila mai lasisin farko na Foundation wat 25 ne iyakarsa tun 2024, da can 10 ne, don haka duba shekarar da aka buga jadawalin da ke hannunka. Lambobin da suka halatta maka ka adana su a ma'ajiyar rediyon, sauran ka toshe musu watsawa ta manhajar kwamfuta.