Kujerar yaro a mota: yadda ake zaɓarta, a ɗaura ta, a zaunar da yaro

A titunanmu, daga Kano har Maraɗi, mazaunin jariri a mota shi ne cinyar uwarsa, sau tari ma a kujerar gaba. Uwa tana ganin tun da ta rungume shi, babu abin da zai raba su. Sai dai motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wanda gudun cikin gari ne, idan ta daki wani abu ta tsaya cak, duk wanda ke ciki zai ci gaba da tafiya da wannan gudun. Bugun da zai sha daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin mita 10. A wannan ƙiftawar ido, yaro mai kilo 10 yakan fizgi hannu da ƙarfin ɗaruruwan kilo, kuma babu damtsen da zai iya riƙe shi. In uwar ba ta sa bel ba, nauyinta ne zai matse shi da dashbod. In kuma ta zagaye kanta da shi da bel ɗaya, jikinta ne zai danne shi a kan bel ɗin.

Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ƙiyasta cewa kujerar yara tana rage hatsarin mutuwa da kashi 71 cikin 100 ga jarirai, da kashi 54 ga 'yan shekara 1 zuwa 4. Amma wannan amfanin na kujerar da ta dace da jikin yaron ne, aka kuma ɗaure ta tamau. Wadda aka ɗora kawai a sit ɗin baya ba a ɗaure ba, ita ma makami ce mai tashi sama idan an yi karo.

Wace kujera ce ta ɗanku?

Nauyi da tsawo ake dubawa kafin shekaru. Ku auna yaron kafin ku tafi kasuwa, ko ku duba awon ƙarshe a katinsa na asibiti.

Ta farko ita ce ta jarirai, mai mariƙi kamar kwando, wadda ke ɗaukar yaro daga haihuwa zuwa kilo 13. Baya kawai take kallo. Ta biyu ita ce mai juyawa: ana kafa ta tana kallon baya, yaro ya girma a juya ta gaba. Yawancinsu suna kai wa kilo 18, wasu har 25. Wanda kuɗinsa ba zai kai ga sayen kujera biyu ba, wannan ce ta fi masa, muddin an rubuta a jikinta cewa tana ɗaukar sabon haihuwa. Ta uku ita ce ta ƙarin tsawo, daga kilo 15 zuwa 36. Ba ta da igiyoyin kanta. Aikinta ta ɗaga yaro har bel ɗin mota ya hau inda ya kamata.

Maganar kallon baya tana buƙatar bayani, domin nan ne iyaye suka fi gaggawa. Kan jariri babba ne a kan jikinsa, ƙasusuwan wuyansa kuma ba su gama ƙwari ba. Yawancin munanan karo ta gaba suke zuwa. Idan yaro yana kallon gaba, igiyoyi za su riƙe ƙirji, kai kuma ya wuce da ƙarfi, duk jan ya sauka a wuya da lakar baya. Idan yana kallon baya, kai da wuya da gadon baya duk tare suke nutsewa cikin kujerar, ƙarfin bugun ya watsu a faɗin bayansa. Sabuwar ƙa'idar Turai ta hana juya yaro gaba kafin wata 15, kuma wannan mafi ƙaranci ne. A Suwidin ana barin yara suna kallon baya har wajen shekara 4. Ku bar shi a haka har sai ya kai iyakar nauyi ko tsawon da aka rubuta a kujerar, ko kuma saman kansa ya rage ƙasa da santimita 2.5 ya kai bakin kujerar. Ƙafafunsa da suka taɓa jingina ba dalili ba ne na juya shi. Yara suna harɗe ƙafa su zauna lafiya lau.

Abin dubawa a kasuwa

Ku kifa kujerar ku nemi takardar shaida da aka liƙa. Ta Turai ruwan lemo ce, da harafin E a cikin da'ira, an rubuta R44/04 ko R129. Ƙa'idar R44 da nauyi take auna yaro, R129 kuma da tsawo, kuma an gwada kujerarta da karo ta gefe. Ta Amurka farar takarda ce da ke cewa kujerar ta cika ƙa'idar tsaron motoci ta tarayya, tare da ranar ƙira da lambar samfuri. Kujerar da ba ta da ko ɗaya, ku bar ta, komai kyan yadinta. Akwai wasu na yadi zalla da ake tallatawa a intanet, waɗanda ake ratayawa a jinginar sit. Ba su da ƙwarangwal, kuma ba sa kare komai.

Mafi yawan kujerun da ke hannun mutane a nan na gwanjo ne, don haka a faɗi gaskiyar lamarin. Kujera tana da wa'adi, yawanci shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙira, kuma ana buga ranar a jikin robar ta ƙasa ko ta baya. Roba tana gajiya, zafin rana irin namu kuma yana ƙara busar da ita. Babbar matsalar gwanjo ita ce ba a san ko ta taɓa shiga haɗari ba, domin tsagewar ciki ba ta nunawa a ido. In dole ce ta sa, ku cire rigar kujerar ku duba ko'ina: tsaga, farin tabo inda roba ta lanƙwasa, farin soso mai tauri na gefen kai da ya karye, igiya da ta fara zarewa ko aka yi mata ɗinki. Ku sa makullin ku cire sau da yawa, ku ji yana yin ƙas kowane karo. Ku ja igiyar matsewa ku ga tana kamawa ba ta sulɓewa. Ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, ciniki ya ƙare. Karɓar ta hannun ɗan'uwan da kuka san tarihinta ya fi sayen ta tsibi. Littafinta kuma in babu, a nemo shi a intanet da lambar samfurin.

Kafin ku biya, ku roƙi mai shago ku gwada ta a motarku. Ba kowace kujera ce ke zama a kowace mota ba.

Ɗaura ta a mota

Wurinta sit ɗin baya. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, ma ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 12 su zauna a baya. Kada a taɓa sa kujera mai kallon baya a gaba inda akwai balan-balan ɗin kariya mai aiki: yana fashewa ne da ƙarfi daidai bayan kan jariri. Kada ku dogara da cewa wai motar tokumbo ce, an riga an cire shi. Tsakiyar sit ɗin baya ya fi nisa da bugun gefe, amma in kujerar ba ta kamu da kyau a can ba, gefen da ta kamu ya fi. Gefen da ba ya kallon titi yana sauƙaƙa saukar da yaro.

Hanyar ɗaure ta iri biyu ce. Ta farko ƙarafan da ake kira ISOFIX a motocin Turai, LATCH a na Amurka. Ku cusa hannu a tsagar da ke tsakanin mazauni da jingina, za ku taɓa ƙarfe biyu, tazarar santimita 28 a tsakaninsu. Motocin Amurka da aka ƙera daga Satumbar 2002 suna da su. A tura bakunan kujerar har su yi ƙas, alamar da ke jiki ta koma kore in tana da ita. Ƙarafan suna da iyaka: a tsarin Amurka, nauyin yaro da na kujera idan sun haura kilo 29 sai a koma amfani da bel.

Ta biyu bel ɗin mota. In an yi daidai, ba ta gaza ta farko ba. A bi da bel ta hanyar da aka nuna a kujerar. A na Turai masu R44, shuɗi na kallon baya ne, ja na kallon gaba. Bel kada ya murɗe. Sannan a kulle shi, kuma nan mutane suka fi kuskure, domin bel na yau da kullum sako-sako yake sai an taka burki. A motocin Amurka irin su Corolla, Camry da Sienna, ku jawo bel ɗin har ƙarshensa, ku sake shi a hankali. Za ku ji yana ƙarar kar-kar-kar yana komawa, ya kulle ke nan. Motocin Turai da yawa, irin su Golf da Peugeot, ba su da wannan, sai a yi amfani da maƙalin da ke jikin kujerar. Ku danna kujerar da hannu ko gwiwa cikin sit yayin da kuke jan ragowar bel ɗin. Kada a haɗa ƙarafa da bel gaba ɗaya sai in littafin ya yarda.

Kujera mai kallon gaba tana da igiya ta uku a samanta, mai ƙugiya. Mutane da yawa suna barinta tana lilo. Ita ce ke hana saman kujerar kifawa, tana rage nisan da kan yaro zai yi gaba da santimita 10 zuwa 15, wanda shi ne bambancin bugun sit ɗin gaba da tsira daga gare shi. Maƙalinta yana kan allon da ke bayan sit a ƙananan motoci, ko a bayan jingina a jif da bas. Yana da alamar ƙugiyar jirgin ruwa. Kada a ruɗe shi da ƙugiyar ɗaure kaya a but. Wasu kujerun ƙafa ce da su maimakon igiya: a zaro ta har ta tokare daɓen motar sosai.

Gwaji: ku kama kujerar daidai inda bel ya ratsa, ku girgiza hagu da dama, gaba da baya. In ta motsa fiye da santimita 2.5, a kwance a sake. Ga sabon haihuwa a duba kwanciyarta, wajen digiri 45. In ta miƙe da yawa, kansa zai rinjayo haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar numfashi ta matse. Galibin kujeru suna da layi ko ɗan ma'auni a gefe. A duba shi mota tana kan shimfiɗaɗɗen wuri.

Zaunar da yaro

Ɗuwawunsa da bayansa su manne da kujera. Igiyoyin kafaɗa, in yana kallon baya, su fito daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan. In yana kallon gaba, daidai kafaɗa ko sama kaɗan. A kulle, a ja igiyar matsewa, sannan a gwada tsunkular igiyar a kan kafaɗa da yatsu biyu. In ta naɗu a tsakanin yatsunku, da saura. Kujerun Amurka suna da maƙalin ƙirji: wurinsa daidai hammata, ba kan ciki ba. Yawancin na Turai ba su da shi, kuma ba a ƙara musu.

Jaririn da aka naɗe da zani ko tawul ba ya ɗauruwa, tun da igiya dole ta ratsa tsakanin ƙafafunsa ta bi kafaɗunsa. A kwance shi, a ɗaure shi, sannan a lulluɓa zanin a sama. Haka rigar sanyi mai kauri a lokacin hunturu: tana lotsewa a karo, igiya ta saki, yaro ya zame. A cire ta. Kada a cusa filo ko wani soso da bai zo da kujerar ba a bayansa.

A watannin bazara, ƙarfen makulli yana iya ƙona cinyar yaro. A rufe kujerar da farin zani in an ajiye mota a rana, a taɓa da hannu kafin a zaunar da shi. Kada a bar yaro a rufaffiyar mota ko na minti ɗaya, ko da an ɗan sauke gilashi. Jikin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba. A doguwar tafiya, kamar Kano zuwa Abuja, a tsaya aƙalla duk awa 2 a fitar da jariri ya miƙe. In zai sha nono, a faka tukuna. In an isa gida yana barci, a mayar da shi shimfiɗarsa.

Yaushe zai koma bel kaɗai?

Yaro ya wuce kujera mai igiyoyi idan kafaɗunsa sun haura ramin igiya na sama, ko saman kunnuwansa ya kai bakin kujerar, ko ya wuce nauyinta. Daga nan sai ta ƙarin tsawo, kuma mai jingina da kariyar kai ta fi wadda take mazauni kawai. Tana buƙatar bel mai ratsa kafaɗa. Wanda ke zagaye ƙugu kawai, irin na tsakiyar tsofaffin motoci, bai isa ba.

Bel an yi shi ne don jikin babba. A jikin ɗan shekara 6 yana hawa kan ciki da wuya, kuma a karo yana iya raunata hanji da ƙashin baya. Yaron da bel ke cin wuyansa yakan tura shi ƙarƙashin hammata ko bayansa, wanda ya ƙara muni. Galibi bel ba ya dacewa da yaro sai tsawonsa ya kai santimita 135 zuwa 150, wajen shekara 10 zuwa 12. Ku zaunar da shi ku duba: bayansa ya jingina sosai, gwiwoyinsa sun lanƙwasa a bakin sit, bel na ƙasa yana kan cinyoyi, na sama ya ratsa tsakiyar kafaɗa, kuma zai iya zama haka har ƙarshen tafiya. Ɗaya ya rasa, a mayar da shi kujerarsa. Yara biyu kuma ba sa raba bel ɗaya.

Masu hawa motar haya: kujerar jarirai mai mariƙi tana ɗauruwa da bel kaɗai cikin minti biyu, don haka a duba cewa bel ɗin baya yana aiki kafin a shiga. Sau da yawa makullinsa ya nutse a ƙarƙashin sit ne, sai a zaro shi.

Wanki kuma da ruwa da ɗan sabulu mai laushi a tsumma za a goge igiyoyi. Ba a jiƙa su, ba a sa musu bilic, ba a goge su da dutsen guga, domin zaren yana rauni. Makulli in ya cushe da ɓurɓushin biskit, a ɗauraye shi da ruwan ɗumi kawai, kada a ɗiga masa mai. Kujerar da ta shiga haɗari mai ƙarfi ta gama aiki, ko da yaron ba ya ciki a lokacin. A yanke igiyoyinta kafin a jefar, don kada wani ya tsince ta ya kai kasuwa.