Yadda za ki fente daben ɗakinki ki farfaɗo da tsofaffin kayan katako da kuɗi kaɗan

Yanzu kam duk wadda ta je ta tambayo kuɗin tayil ko sabon saitin gado ta san halin da ake ciki, ba sai an yi mata bayani ba. Ledar ɗaki kuma da muka saba rufa wa kanmu asiri da ita shekara ɗaya zuwa biyu ta fara yagewa daga bakin ƙofa, ruwa ya shige ƙasanta, ɗakin ya riƙa wani irin bashi da turare baya kashewa. Toh akwai hanya ta uku da mutane basu cika tunawa da ita ba, ki fente simintin da kansa, kayan katakon ma ki goge su ki sake musu fuska. Amma tun daga farko in gaya miki, shafa fentin shine ƙaramin aikin, wanki da gurza da jira sune suke cin lokaci, kuma a nan ne ake samun matsala.

In gidan haya kike ki fara sa maigida ya tuntuɓi mai gidan, kada ranar tashi a ce sai kun kankare. Daga nan ki duba simintin. In sabo ne ki bar shi ya yi kamar kwana 28 kafin fenti ya hau shi. In tsoho ne ki gwada ko yana tsatstsafo da danshi, ki yanko leda mai faɗi ki shimfiɗa a ƙasa ki manne gefunanta duka da selotif, ki bar ta ta kwana ta wuni. In kin ɗaga kin ga raɓa a jikin ledar ko wajen ya yi duhu, ki haƙura da fenti a ɗakin nan, wallahi ko wane iri kika sa sai ya kumbura ya ɓare. Wannan ya fi faruwa a unguwannin da suke kan fadama, kuma gwajin ya fi faɗar gaskiya da damina ko ƙarshenta.

Sai wanki. In kin ɗage tsohuwar leda zaki tarar da gam da datti sun daskare, ki sa wuƙar fenti irin ta masu fenti ki kankare tas. Ki haɗa ruwan zafi da omo ki samu burushi mai tauri ki dirje ko'ina, musamman inda manja ko man gyaɗa ko kananzir ya taɓa zuba, don fenti baya kama maiƙo ko kaɗan, ki maimaita har sai kin yayyafa ruwa kin ga simintin yana shanye shi maimakon ya tsaya dunƙule dunƙule a sama. In magini ya shafe daben sumul yana ƙyalli to sai kin bi shi da sanfefa mai kaushi kin ɗan kashe santsin. Tsaga da ramuka kuma ki ɗan buɗa su, ki jiƙa, ki cike da kwaɓin siminti da yashi mai laushi, ki ba su kwanaki su bushe sosai. Bayan nan ki ɗauraye ki bar ɗakin a buɗe kwana biyu ko uku. Ki shafa tafin hannunki a ƙasa, in ya ɗebo farin gari da sauran aiki.

Wajen sayen fenti kada ki bari a haɗa ki da emoshon, wato na bango mai ruwa, wannan mofa ɗaya zata ɗauke shi. Ki ce fentin ƙasa kike so, in kina Kano ki leƙa Ƙofar Ruwa, ki karanta jikin gwangwanin da kanki ki ga an rubuta na ƙasa ne. Akwai mai mai wanda ake sirkawa da tina, wato ruwan tsinka fenti, shi ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin aiki, akwai kuma ifoksi da yake zuwa gwangwani biyu a haɗa, ya fi ƙarko nesa ba kusa ba amma da tsada, kuma da zarar an haɗa ba ya jira, in baki taɓa yi ba ki bar wa gwani. Lissafin ba wuya, ɗaki mai ƙafa 12 da 12 bai kai murabba'in mita 14 ba, lita ɗaya kuma tana cin kusan mita 10 a shafi ɗaya, kinga galan mai lita 4 zai yi miki shafi biyu har da ɗan saura, sai dai in simintin mai shan fenti ne sosai. Batun kala kuwa ni dai ba na ba da shawarar fari ko baƙi ko shuɗi mai duhu, ƙurar garuruwanmu ja ce, minti goma bayan shara zaki ga sawun kowa. Ruwan toka mai haske, ruwan ƙasa, ko jan nan irin na tsofaffin gidajen gwamnati sun fi rufa asiri. Dama kakanninmu da suke dabe suna yayyafa makuba kalar da suke samu kenan, ja mai duhu, ba su yi wauta ba.

Ki manna selotif ɗin takarda a gindin bango, ki fara bin gefe gefe da burushi, tsakiyar kuma ki sa rola, ki cusa mata sandar mofa don ki huta da durƙuso. Ki fara daga lungun da ya fi nisa kina ja da baya zuwa ƙofa, kada ki rufe kanki a kusurwa. Shafin farko ki ɗan tsinka shi da tina kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma, don ya shige cikin simintin. Zai fito dabbare dabbare ba kyan gani, kada ki tsorata ki labta da kauri, mai kauri samansa ne yake bushewa cikinsa ya zauna danƙo. Ki jira lokacin da aka rubuta a gwangwani, yawanci kwana guda, sannan ki yi na biyu a gicciye da na farko. In kina son kwalliya, bayan ya bushe sarai ki ja layuka da selotif ki fitar da gidan dara kamar tayil, ko ki yanke dagi a jikin kwali ki riƙa ɗorawa kina danna soso mai wata kalar a zagayen ɗakin, yana kyau ƙwarai kuma ƙaramin gwangwani ya isa.

Iska dole ce, amma ranar da hazon hunturu ya sauko ba ranar fenti bace, ƙurar zata manne ki ji ƙasan yana kaushi. Kuma don Allah ba turaren wuta, ba risho, ba gawayi, ba maganin sauro na kunnawa kusa da tina, wuta take kamawa nan take. Yara da mai ciki da mai asma su koma wani ɗakin har warin ya fita. Takawa da ƙafa bayan kwana biyu ba laifi, amma gado da sif ki ba su mako, kuma a ɗaga su a ajiye kada a ja, ki yanka tsohon silifas ki liƙa a ƙasan ƙafafunsu.

Makon nan da kayan suke tsakar gida shine damarki ta gyara su. Ki fara gane me kike da shi. In katako ne na gaske irin madaci, wanda iyayenmu suka yi jere da shi, zaki ji nauyi kuma ki ga zanen itace har a bayansa, wannan ko kusa kada ki sayar wa 'yan gwangwan ko dillaliya a wulaƙance. In kuwa allon MDF ne mai leda a sama kuma ya sha ruwa ya kumbura, wajen baya komawa, sai dai kafinta ya yanke ya sa wani. Ki duba ƙananan huji da gari yana zubowa, alamar ƙwaro ce ko gara, ki sayi maganin katako ki shafa ya shiga ya bushe. Kada kowa ya ce ki shafa baƙin mai, na katakon rufi ne, fenti ba zai taɓa zama a kansa ba ga wari. Ki leƙa mahaɗar gadon ma saboda kuɗin cizo.

Ki kwance mariƙai da hinji da madubi, sukurorin ki zuba a gwangwani ɗaya. Ƙafar da take girgiɗi a zare ta, a kankare tsohon gam, a sa farin gam na kafintoci a ɗaure da igiya ko robar taya ta kwana, ƙara ƙusa kawai tsaga katakon yake yi. Ramuka kuma ki kwaɓa garin katako da gam ɗin nan ki cike, garin ko a 'Yan Katako na Na'ibawa ko Panteka in kina Kaduna ko wajen kafintan layinku zaki samu. Sai sanfefa, ki fara da mai kaushi lamba 80 ki cire tsohon banish, ki koma 120, ki ƙarasa da mai laushi 220, ki naɗa ta a ɗan guntun katako kuma kullum ki bi yadda zanen itacen ya kwanta, in kika gitta shi duk ƙarcen zai fito ɓaro ɓaro ranar da kika sa banish. Ki sa takunkumi ki yi a waje, in tsohon fenti ne ki ɗan jiƙa shi kina gogawa don wasu tsofaffin fentin mai akwai dalma a cikinsu, ƙurarta kuma guba ce ga yara, ki kwashe ki wanke wajen kafin su dawo.

In katakon ya fito da kyau banish kawai ya ishe shi, shafi biyu ko uku marasa kauri, tsakaninsu ki ɗan shafa 220 sama sama ki goge da tsumma. In ya sha faci da yawa ko mai leda ne, ki kashe ƙyallin da sanfefa, ki sa andakot, wato fentin shimfiɗa da ake fara shafawa, sannan fenti mai mai shafi biyu. Gadon ƙarfe shi kuma burushin waya zaki sa ki kankare tsatsa, ki shafa jan fentin nan na hana tsatsa da masu walda suke sawa, sai kalar da kike so a kai. Duk a inuwa ake yi, rana tana sa shi ƙuraje. Kujerun cin abinci da na gaban madubi da mazauninsu yake ɓallewa da sukuru huɗu kina iya canja musu soso da yadi da kanki, amma manyan kushin ki kai wa masu yi. Mariƙai sababbi basu da tsada, ki tafi kasuwa da tsohon guda ɗaya a jaka don a gwada tazarar hujin, in ba haka ba ki dawo gida ki tarar sukurun basu hau ba.