Kurakuran da sababbin masu kallon NFL ke yi wajen auna mai cafe jifa

Duk wanda ya fara raba dare don kallon NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, da mai cafe jifa yake fara shaƙuwa, wato ɗan wasan nan da ke tsayawa can gefen fili, ya sheƙa a guje a jefo masa ƙwallo, wanda su can suke kira waid risiba. Ba laifi ba ne, tunda shi ne ke cika guntayen bidiyon da ke yawo a waya. Inda ake samun matsala shi ne wajen auna shi: wane ne gwani, wane ne zai daɗe, wane ne tasa ta ƙare. Kaka bayan kaka ina jin magana iri ɗaya daga bakin sababbin shiga, har na gaji da gyara wa mutum ɗaɗɗaya.

Uwar kurakuran ita ce ɗaukar gudu a matsayin ma'auni. Kowace shekara, kafin zaɓen sababbin 'yan wasa, ana tara samarin jami'o'i a Indiyanafolis a gwada su, kuma gwajin da ya fi ɗaukar hankali shi ne tseren yadi 40. Da gajeren wando ake yinsa, ba kwalkwali, ba sulke, ba mai tare hanya, a miƙe ɗoɗar. A 2017 John Ross ya yi shi cikin daƙiƙa 4.22, abin da ba a taɓa gani ba a wannan gwajin kafin lokacin, sai Cincinnati Bengals suka ɗauke shi a lamba ta 9. Ka san wanda aka ɗauka a lamba ta 10? Patrick Mahomes, wanda ya zama shahararren mai jifa, wato ɗan wasan da ke jefo ƙwallon. Ross ya gama kakarsa ta farko bai cafe ko jifa ɗaya ba, rauni ya yi ta bibiyarsa, kuma duk zamansa a gasar bai haɗa yadi 1,000 na ci gaba da ƙwallon da ya cafe ba, abin da gwani ke yi cikin kaka guda. Na daɗe ina kare shi a majalisarmu, kullum ina cewa a jira baɗi, har ta kai an laƙaba min sunansa, shi ya sa ba na sassauta wa kowa a kan wannan batu.

A wannan zaɓen dai na 2017 akwai wani Cooper Kupp daga Eastern Washington, makarantar da ba ta cikin manya. Ya yi tseren cikin daƙiƙa 4.62, aka ce ai ba shi da ƙafa, aka bar shi sai zagaye na uku kafin Rams su ɗauke shi. A 2021 ya cafe jifa 145, ya ci yadi 1,947 da tacdawun 16, wato kai ƙwallo yankin cin maki a ƙarshen fili, ya fi kowa a duka ukun, sannan aka ba shi gwarzon Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, a Fabrairun 2022 bayan sun doke Bengals ɗin nan 23 da 20. Shi ma Jerry Rice, wanda har gobe babu wanda ya kusanci yadinsa 22,895, ba da tsere ya yi suna ba.

Dalilin a fili yake ga wanda ya lura. Mai tsaron da ke gadin mai cafewa shi ma ɗan tsere ne, kuma doka ta ba shi damar tunkuɗarsa cikin yadi biyar na farko. Mai jifa kuwa ba shi da fiye da daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku kafin ƙartin 'yan bayan abokan hamayya su faɗo masa. To cikin wannan ɗan lokaci ake so mai cafewa ya kuɓuce daga hannun mai gadi, ya yaudare shi da kafaɗa da ido, ya taka birki, ya karya kwana daidai wurin da aka tsara, domin sau da yawa an riga an saki ƙwallon tun kafin ya waiwayo. In aka ce ka karya a yadi 12 ka karya a 14, ƙwallon ta tafi hannun abokin gaba, kuma mai jifa za a zaga alhali laifinka ne. Ina gudun yadi 40 a miƙe ya shigo nan? Gudu yana da rana, Tyreek Hill shaida ne, amma shi ma abin da ya sa ya gagara shi ne yadda yake tsayawa cak ya sauya hanya ba tare da ya rage wuta ba. Abin da nake yi ni dai, idan aka maimaita wasa a hankali, ina ɗauke idona daga ƙwallo gaba ɗaya, in kafa shi a kan takun farko uku na mai cafewa da kuma tazarar da ya ba mai gadinsa a lokacin da ya juya. Sannan ina lura da wanda mai jifa ke nema a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi goma, lokacin da in ba a cike yadi goman ba, yawanci sai a sallama ƙwallo. Wanda ake nema a wannan matsi shi ne amintacce, ko da bai taɓa fitowa a bidiyon waya ba.

Kuskure na biyu, wanda ya fi ba ni haushi saboda masu yinsa suna ganin su masana ne, shi ne karanta alƙaluma ba tare da tambayar wa ke jefowa ba. Mutum zai buɗe waya ya ga yadi 500, ya yanke hukunci cewa wane ya mutu murus. Haba malam! Ɗan gaba a tamaula ma, in babu mai ba shi ƙwallo, me zai ci? Dubi Randy Moss. A 2006 yana Oakland Raiders, ƙungiyar da ta ci wasa biyu kacal a kakar, ya tashi da yadi 553 da tacdawun 3. Aka ce ya tsufa, ya lalace, zuciyarsa ta mutu. New England Patriots suka karɓe shi a banza, da musayar gurbin zaɓe na zagaye na huɗu. Shekara guda bayan nan, yana da shekara 30, Tom Brady na jefo masa, ya ci yadi 1,493 da tacdawun 23, ya karya tarihin Rice na 22. Ƙafafun dai su ne, hannayen su ne. Kupp ɗin da na ambata ma, a 2020 yadi 974 ya yi, sai da mai jifa Matthew Stafford ya zo sannan adadin ya ninka. Saboda haka kafin ka buɗe baki ka yi wa ɗan wasa jana'iza, ka duba wa ke jifa, sau nawa ake jefo masa, kuma ƙungiyar mai jifa ce ko mai ruga da ƙwallo a hannu. In ba za ka iya wannan ɗan binciken ba, ka yi shiru ka saurari na gaba da kai.

Akwai kuma gaggawar yanke ƙauna da sabon yaro, kuma a nan labarin Nelson Agholor ya isa darasi. A Legas aka haife shi a 1993, iyayensa suka koma Amurka yana ƙarami, ya tashi a Tamfa, ya yi wasa a jami'ar USC, Philadelphia Eagles suka ɗauke shi a lamba ta 20 a 2015. Kakarsa biyu na farko ƙwallo ta yi ta suɓuce masa, magoya bayan Filadelfiya kuma ba su san lallashi ba. A Nuwamban 2016 sai da koci Doug Pederson ya ajiye shi wasa guda don hankalinsa ya dawo jikinsa. A 2017 aka ɗauke shi daga gefen fili aka matso da shi ciki, kusa da layin ƙarti, inda ake buƙatar saurin juyi fiye da ƙarfin ture mai gadi. Nan take ya zama wani mutum daban: jifa 62, yadi 768, tacdawun 8, sannan a Super Bowl ya cafe tara a wasan da suka doke Patriots 41 da 33. Bai zama Rice ba, suɓucewar ma ta dawo masa a 2019, amma ya ci gaba da samun aiki a Raiders da Patriots da Ravens. Shi kansa Rice ya zubar da ƙwallaye da yawa a kakarsa ta farko a 1985, haka Davante Adams ya sha zagi a kakarsa ta biyu a Green Bay kafin ya shiga sahun farko. Ni ƙa'idata ita ce ba na cewa komai a kan mai cafewa sai ya gama kaka ta uku, kuma in an sauya masa wurin tsayawa, sai in sake lissafi daga farko. Wasu za su ce ai Puka Nacua ya ci yadi 1,486 a kakarsa ta farko a 2023. Haka ne, amma shi ma sai da aka ɗauki mutum 176 kafin a kai kansa, ka ga ko masu cin abinci da wannan sana'a suna kuskuren hange.

Sauran ƙanana ne. Kada ka kwatanta alƙaluman zamani biyu ba ka ƙirga wasanni ba: tun 2021 wasa 17 ake yi a kaka, Calvin Johnson kuwa a wasa 16 ya kafa tarihin yadi 1,964 a 2012. Kada ka yi ihu an cuce ka idan aka soke cafewa a bakin layi, a NFL sai ƙafa biyu sun taɓa cikin fili, a jami'a ne ɗaya ke isa. Cafewa da ƙirji ba gwaninta ba ce, gwani da tafin hannu yake tarar ƙwallo tun tana nesa da jikinsa. Mai cafewar da ba ya tare wa abokinsa hanya idan ana ruga da ƙwallo, koci yana gani ko da kai ba ka gani ba.

Sai batun kuɗi, inda ake yawan ruɗewa da babban adadi. Kwantiragi a NFL ba duka ake lamunce shi ba, ƙungiya tana iya sallamar ɗan wasa ta riƙe ragowar. Da Justin Jefferson ya sa hannu da Minnesota Vikings a 2024 a kan dala miliyan 140 na shekara huɗu, adadin da ya fi muhimmanci shi ne miliyan 110 da aka lamunce. Wannan adadin na biyu za ka nema duk lokacin da ka ga labarin sabon kwantiragi.