Kurakuran da ke kashe itatuwan furanni a gidajen Kaduna

Ruwa ne ya fi kashe faranjifani, itacen nan mai furanni masu ƙamshi, a garin nan. Da hunturu ya kama a watan Disamba, itacen zai zubar da ganyensa kaf ya tsaya tsirara, sai maigida ya tsorata ya sa yara su riƙa zuba masa bokiti safe da yamma. Asalinsa daga Meziko da tsibiran Karibiyan yake, ya saba da rani, hutu kawai yake yi. Ruwan nan shi ke ruɓar da saiwar, ka taɓa reshe ka ji ya yi laushi kamar dafaffen dankali. Ka ƙyale shi, ka ba shi kaɗan bayan mako biyu, da bazara zai toho da kansa.

Wajen dashe ma haka. Kuskuren shi ne a yanko reshe yau, a soka a ƙasa yau, farin ruwansa na ɗiga. Ajiye shi za ka yi a inuwa kwana 7 zuwa 14 har bakin yankan ya bushe. Ƙasar Kaduna kuwa tana riƙe ruwa, musamman a Agusta da sama ba ta ɗagawa, don haka ka gauraya ta da yashi, ka ɗan tada gurbin. Ka kiyaye idonka da farin ruwan, yana da zafi.

Boganbiliya, furen nan mai hawa katanga, mutuniyar Burazil, in ka cika mata taki da ruwa ganye za ta yi ta yi. Rage mata ruwa, ka kai ta inda rana ke duka sosai, za ka ga katanga ta rufe da ja.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne filamboyan, itacen Madagaska mai jan fure gab da damina. Ana sayo shi ɗan tsito a leda daga masu sayar da furanni na bakin titi, a dasa jikin katanga. Bayan wasu shekaru saiwarsa, da ke bin saman ƙasa, ta tsaga siminti ta shiga sokawe, a ɗauko gatari. Ba shi aƙalla mita 6 daga gini. In filin gidan bai kai ba, a haƙura da shi.

Gidan da ke da awaki ko ƙananan yara kada a shuka oliyanda, ɗan itacen fure mai dogayen siraran ganye, ganye da fure duk guba ne, har hayaƙinsa in an ƙona.